Igiyar Baba Mumuni

Madam Afrakoma ta ce ido ba shaida ba ne.
Ran Talata ta faɗa, ruwa na dukan kwanon aji,
alli a yatsunta kamar ta taɓa garin rogo.
Ta zana alwatika biyu a allo,
ta ce, "Sahadatu, girmansu ɗaya?"
Na ce ɗaya.
"Wa ya gaya miki?"
Na ce ai ga su nan, ina gani.
Ta ce da Hausarta ta kasuwar Asawase,
"Gani ba ci ba. Kawo hujja."

Na bi ta Aboabo ina tsallake kwata,
dariyar 'yan aji na bin ƙeyata har gida.

Babana kafinta ne.
Shekara talatin yana ɗora rufi a Kumasi,
bai taɓa riƙe kamfas ba.
Abin da yake da shi igiya ce, ta yi baƙi da gumi,
mai ƙulli goma sha biyu.
Sai ya kafa ƙusa uku,
gaɓa uku nan, huɗu can, biyar ta rufe,
kusurwa ta fito tsaf
kamar bayan liman a ruku'u.

Na ce, Baba, me ya sa take fitowa?
Ya ce, "Haka maigidana ya nuna mini a Anloga.
Ido ba mudu ba, amma ya san kima.
Rufina bai taɓa faɗa wa kowa a ka ba."
Na ce ba abin da na tambaya ke nan ba.
Ya ce in miƙo masa zarto.

Da dare aka ɗauke wuta.
Na saci dunƙulen magi daga kwandon Inna,
na jera su a tabarma da fitilar waya:
tara a gefen uku,
sha shida a gefen huɗu,
na kwashe su duka na kai gefen biyar,
suka zauna ashirin da biyar, ko ɗaya bai yi saura ba.
Na kwana zuciyata na buga ganga.

Da safe Madam ta saurare ni har ƙarshe.
Ta ce, "Madalla. Alwatika ɗaya ke nan.
Sauran na duniya fa, wa ya tsaya musu?"
Na yi shiru.
Ta ce, "Duk trotron Kejetia cike yake da safe.
Ga wani cikakke ya taho. Kejetia za shi?"
Na buɗe baki zan ce i,
sai na tuna ranar da na tsinci kaina a Tafo.
Na ce ba lallai ba.
Ta ce, "Yanzu kika shigo ajina."

Mako uku ina fama.
Na daina yarda da abin da ya yi kama,
har Inna ta ce gishiri ya ƙare,
na ce ta yaya muka sani.
Na sha ludayi a ka.

Sai wata Asabar a shagon Baba,
cikin guntayen katakon da za a kai murhu,
na yanko alwatika huɗu iri ɗaya,
ban auna uku ba, ban auna huɗu ba,
na dai tabbatar kusurwar ta tsaya.
Na sa su cikin firam ɗin taga mai murabba'i.
Fili ɗaya ya rage a tsakiya, babba.
Na tura su, na sake jeri:
fili biyu, ƙarami da matsakaici.
Katako bai ƙaru ba, firam bai ragu ba,
to, abin da ya rage tilas ya zama ɗaya.
Tilas. Kalmar ta yi mini zaƙi a baki
fiye da koko da ƙosai.

Baba ya ajiye guduma.
Ya tura katakon da kansa, ya mayar,
ya sake turawa, ya sake mayarwa,
ƙusa biyu na nan a leɓensa.
Can ya zare su, ya dubi bango
inda tsohuwar ke rataye.
Ya ce, "Ashe ta san abin da take yi."

Ya sauko da ita, ya kaɗe mata ƙura,
ya naɗe ta a hankali ya sa a jaka.
Gobe yana da rufi a Bantama,
ya ce in zo in riƙe masa ƙulli na biyar.