Hanta da Jini

Jini na je bayarwa a asibitin Yawuri
ran da Tumba ta yi doguwar naƙuda.
Na naɗe hannun riga ina taƙama,
ni da ke tuƙa jirgi har Rofiya,
ko zazzaɓi bai taɓa kai ni ƙasa ba.

Malam Hakilu ya ɗiga jinin a wani ɗan tsinke,
ya jira, ya duba, ya sake dubawa.
Layi biyu.
Ya ce, "Nomau, naka ba zai yiwu ba,
akwai baƙo a hantarka, ya daɗe da sauka."

Na ce ga idona fari tas, ina shawarar take?
Ya ce, "Wannan ba ya sallama.
Gara ce, ginshiƙi na tsaye, ciki na cinyewa.
In shawara kake nema, ga tawa:
kawo mini mutanen gidanka."

Ran kasuwa na kai su, su bakwai.
Inna na da shi, Jatau ƙanena na da shi.
Tumba babu, aka soma mata allura,
jaririn kuwa bai kwana duniya ba aka yi masa tasa.
Da dare Inna ta ce, "Ashe gado na raba muku tun ina raye."
Na ce, Inna, ke ma ba a kasuwa kika sayo ba.

Barmo ya ware mini kwano,
shi da muke kamar hanta da jini,
sai da Hakilu ya biyo bakin ruwa wata Juma'a,
ya wanke hannu, ya sa a tuwona.

Yanzu ƙwaya ɗaya kullum bayan asuba,
askata a aljihu in za ni wurin wanzami.
Duk wata shida ina hanyar Birnin Kebbi,
kuɗin gwajin bara sai da ya ci mini koma guda.
Mai lasifika a tasha na rantsuwa da jarkarsa,
wai kwana uku ka warke.
Nakan tsaya in saurara, ba zan ɓoye ba,
sannan in wuce.

Jirgina ma shekara tara yana yoyo.
Ina kwarfe ruwan da sakaina,
ina kai mutane ƙetare,
in dawo da wasu.