Ɗigo Uku a Daƙiƙa

Akwatin ya iso Gdansk ran Talata,
ƙanƙara har ƙauri a bakin ƙofa.
Ɗan aike ya ce in sa hannu. Na sa,
da yatsun da suka ƙi riƙe biro.

Leda uku a ciki, kowace da ɗaurin roba,
kowace da ɗan guntun teku,
da reshen murjani da bai kai ɗan yatsa ba
manne a kan siminti mai faɗin kwabo.
Daga wata gonar ruwa a Bali, in ji takardar.
Kwana biyu a duhu, jirgi biyu.
Ruwan na wari irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba.

Tankin na Leszek ne.
Shi ya yi odarsu tun Oktoba,
kafin ƙirjin ya tsananta.
Masu sayarwa ba su ji labari ba, sun cika alkawari.

Littafinsa na nan kan firji,
rubutun kamar tonon kaji:
A kashe fitila tukuna.
A bar leda ta yi iyo minti ashirin
har ɗumin ciki da na waje su zo ɗaya.
Can ƙasa kuma, da wani biro daban:
Bogusia, ban da garaje.

Na juye su a bokiti.
Na ja siririn tiyo daga tanki, na tsotsa,
gishiri ya cika mini baki,
na ƙulle tsakiyarsa, na sassauta, na ƙara tamkewa.
Shekara talatin da ɗaya ina ɗaura wa mutane ƙarin ruwa
a ɗakin majinyata na hawa na huɗu;
wannan kam hannuna bai nemi littafi ba.
Ɗigo uku a daƙiƙa.
Ɗis. Ɗis. Ɗis.

Tymon, yaron maƙwabta, ya tsuguna da safa jiƙaƙƙiya.
Ya ce, ai ruwa ruwa ne, ki jefa su mana.
Na ɗiga masa kan ma'aunin gishiri, ya leƙa da ido ɗaya:
na leda talatin da ɗaya,
na tanki talatin da biyar.
Huɗu kacal? in ji shi.
Na ce, na ga wanda ƙasa da haka ta kashe.

Awa guda muna zaune.
Shayi ya huce, taragon lantarki ya wuce sau shida.
Bokiti ya cika, na kwashe rabi, ya sake cika.
Da na tsoma su a ruwan magani
wasu tsutsotsi falan-falan suka zubo,
ja-ja, ƙanana kamar dussa.
Tymon ya ƙirga tara. Ni na ga goma sha ɗaya.

Na ajiye su ƙasa, kan yashi,
nesa da haske, nesa da bakin famfo.
Baƙo ba a tare shi da fitila a ido.

Ran Alhamis ɗaya ya saɓule.
Naman ya tashi kamar tsumma, ya bar ƙashi fari fat.
Na ciro shi da cokali mai yatsu,
ban san inda ake kai irinsa ba.
Yana kan taga har yanzu.

Na biyu ya dunƙule, bai ce uffan ba.

Na ukun, daren Juma'a, wajen ƙarfe biyu,
na fito shan ruwa, na haska jar tocila:
ya buɗe.
Bakuna ƙanana, kore, sun fi talatin,
kowanne da gashinsa yana lalubar ruwa.

An ce mai haƙuri kan dafa dutse.
Ni ban dafa komai ba,
zama kawai na yi kusa da shi.

Na ɗauko littafin, na sami shafin da ya tsaya.
Na rubuta kwanan wata.
Gishiri talatin da biyar, ɗumi ashirin da biyar.
Ɗaya ya tafi. Ɗaya na ci.
Ɗaya, ban sani ba tukuna.