Ɗakin Nawa, Ƙasar Tasu

Ɗakin nawa ne, ƙasar ba tawa ba.
Haka na zauna shekara goma sha tara
a filin Alhaji Maikano, bayan Kwangila,
inda tireloli ke tari tun kafin assalatu.

Kwantena ce shuɗiya. Ta sha gishirin teku
kafin ta sha ruwan Zazzau.
Da kuɗin sallamar reluwe na saye ta,
Tanimu mai walda ya fasa mata taga biyu,
na yi mata silin da kwali saboda bazara,
Lantana ta kafa zogale a bakin ƙofa.
Mu talatin da ɗaya ne a filin,
kowa da akwatinsa, kowa da kwanon rufinsa.
Kuɗin ƙasa duk ƙarshen wata,
ba rasit, sai "Allah ya amfana."

Da Alhaji ya kwanta dama,
ko sadakar arba'in ba a raba ba
sai ga magada da mai awo,
da igiya, da jan fenti.
Suka ce kwana bakwai.
Suka ce, ai ɗakinka ne, baba, ɗauki abinka.

In ɗauka da me?
Kunkuru ne ni?
Na je wajen mai ƙugiya a Sabon Gari,
kuɗin da ya yanka ya fi kuɗin ɗakin.
Ga gindinta ya yi tsatsa, ya saba da ƙasa,
in an ɗaga, bango zai tashi, daɓe ya zauna.
Rijiyar da muka haƙa da karo-karo fa,
a wace aljihu zan sa ta?

Lauratu, 'yar Jatau mai faci,
wadda ke karatun lauya a Kongo,
ta zo da yamma, ta zauna kan bencina,
ta yi ta juya littafi har aka kira magariba.
Ta ce, Baba Barau,
na ga mai gida a nan, na ga ɗan haya,
ku ne ban gani ba.
Kun zama jemage:
tsuntsaye sun ce kuna da haƙori,
dabbobi sun ce kuna da fiffike.

To, a rubuta jemage, na ce.

Dare uku muna faɗa tana rubutawa
da hasken waya.
Kande mai waina ta ce a sa wata shida,
don ko kaza ba a kora ta daga kan ƙwai.
Tanimu ya ce in za a sayar da fili
a fara tayawa waɗanda suka kashe macizansa.
Wani ya ce rasit. Kowa ya ce rasit.
Ni abu ɗaya na roƙa:
in na mutu, Lantana ta iya sayar da ɗakin a inda yake,
kada a saye shi a kilo
kamar mataccen injin niƙa.

Muka dangwala yatsu talatin da ɗaya.
Tawadar ta kwana biyu a babban yatsana,
ban yi gaggawar wanke ta ba.

Takarda ɗaya ta tafi Kaduna a motar haya,
wai akwai masu gyaran doka da za su duba.
Ɗaya ta je hannun magada.
Ban san abin da babban ya gani a ciki ba,
ya dai ce a bari sai bayan damina.

Ga damina ta tsaya.
Ruwa na dukan kwano, ba ma jin maganar juna.
Jan fentin jikin ƙofata ya fara zuba,
yana bin bango, yana shiga ƙasar da ba tawa ba.
Jiya Lantana ta sare kan zogale
don ya yi rassa.
Ban ce mata komai ba.
Na riƙe mata tsani.