Mai Gadin Ƙarƙashin Gada

Shida da rabi, Hebden Bridge ba ta farka ba,
ni da Gareth muna ƙarƙashin gada,
ruwan Calder ya kai mana ƙwauri,
sanyi na shigowa ta ɗinkin takalmin roba.
A hannuna ɗan akwati, bai fi sabulun wanki biyu ba,
cikinsa batir, da sim kamar farcen jariri,
da ido ɗaya tak mai kallon ruwa.

Na kafe shi a jikin dutse da ƙusa huɗu.
Gareth ya ce shekara goma zai yi, in ba a taɓa shi ba.
Shekara goma!
Ni wayata ko la'asar ba ta kaiwa.

Asirinsa barci ne.
Sau ɗaya a awa yake buɗe ido, ya auna,
ya yi wa hasumiyar sabis ta kan tudu raɗa:
arba'in da ɗaya, ina lafiya.
Shi ke nan, ya koma.
Babu ina kwana, babu ina gajiya, babu yaya iyali.
A garinmu da tuni an ce ba shi da tarbiyya.

Muryarsa siririya ce kamar zaren ɗinki,
shi ya sa take samun kafa a tsakanin duwatsu.
In ba a ji ba, ba ya ihu,
sai ya sake faɗa, ya sake,
har hasumiya ta ce na ji.

Kakana Jatau haka yake a fadamar Wurno.
Ya soke kara a bakin gulbi, ya yi masa tsaga da wuƙa,
da asuba ya je ya duba, ya dawo,
ya ce ya ƙaru da yatsa biyu,
ya ja buzunsa ya zauna.
Da wannan kaɗai ake kwashe albasa.
Har ya rasu bai cinye rabin maganarsa ba.

Wani dare cikin Fabrairu
sama ta saki abin da ta tara mako guda.
Ina ɗakina a Halifax, allon kwamfuta a gabana,
sai na ga miskilin nan ya bar barci:
saba'in, tamanin da huɗu, ɗari da shida,
kowane minti biyar.
Ashe yana da baki, lokacinsa ne bai yi ba.
Wayoyi suka yi ƙara a gidajen bakin kogi.
Misis Ackroyd mai gidan burodi, da rigar barcinta,
ta hau da buhun fulawa goma sha ɗaya sama,
ita da jikanta, kafin ruwa ya taɓa dokin ƙofa.

Bayan kwana uku na sauka duba shi.
Laka ta rufe masa fuska,
wata leda ta maƙale a eriyarsa kamar tuta.
Na goge shi da hannun riga.
Daren nan kaɗai ya ci masa wata uku daga cikin ransa.
Misis Ackroyd ta leƙo daga saman gada, ta ce wa za ta gode wa.
Na nuna mata. Ta daɗe tana kallo,
sannan ta miƙo mini burodin, tunda shi ba ya ci.

Da dare Inna ta kira.
Ta ce kai dai saƙonka kullum kalma biyu,
ina lafiya, ina lafiya,
ko a can kuɗin magana ake cire muku a albashi?
Na buɗe baki in ce aiki ne,
sai na tuna ni ba a kafe ni a dutse ba.
Na jona waya a caji, na jingina da bango,
na ce Inna, fara daga akuyar Tabawa,
ta haihu kuwa?