Ɗaki Mai Lamba Goma Sha Huɗu

A Valdivia ruwan sama ba ya sallama,
shigowa yake kamar mai bin bashi.
Kwana goma sha tara ban ga tauraro da idona ba,
ni da aka ce taurari nake karanta.

Ƙarfe goma na dare Don Baldomero ya buɗe mini
ƙofar ƙasan ginin kimiyya,
makullai suna kuka a ƙugunsa.
Ɗakin ba shi da taga.
Allo uku, kujera mai gurguwar ƙafa,
butar shayin da wani ya bar wa tsatsa,
da takarda a bango da jan biro:
Kada ka taɓa abin da ba ka san sunansa ba.

Wata takwas na jira wannan dare.
Na rubuta roƙo, kwamiti ya auna,
aka yanko mini awa uku
kamar tsokar nama a gidan yawa.

Madubin yana can arewa,
tafiyar yini da kwana a mota,
bisa wani tsauni a hamadar Atacama
inda ko ciyawa ba ta yarda ta kwana.
Ban taɓa zuwa ba.
Muryar Eleuterio kaɗai na sani,
mai tsaron ƙubba, mai tari kafin magana.
Ya ce, Rayén, sama tas take, na buɗe, bismillarki.

Na buga lambobi.
Yatsana ɗaya, wanda na ƙone jiya a bakin tukunya,
ya juya ƙarfe mai nauyin giwa goma
a ƙasar da ban taɓa takawa ba.
Ban ji ƙararsa ba.
Abin da na ji, ɗigon ruwa ne a bokitin baranda.

Sai ga ta.
Ɗigo fari a cikin toka,
tauraruwar da ke kumbura tana sacewa
kamar ƙirjin mai barci.
Haskenta ya baro gida
tun ba a haƙa harsashin garin nan ba,
ya ƙetare duhun da ba shi da zango,
ya faɗo madubi, ya bi waya ta ƙarƙashin duwatsu,
ya iske ni da jiƙaƙƙiyar safa.

Don Baldomero ya leƙo da kofi biyu.
Ya ce, ita ke nan?
Na ce, ita ce.
Ya daɗe yana kallo, ya ce, ta yi ƙanƙanta da wannan wahala.

Minti arba'in da ɗaya.
Sannan tari, sannan murya:
laima ta hau, raɓa za ta kwanta a madubi,
dole in rufe, ki yi haƙuri.
A hamada! Wurin da ake shekara ba a ga ɗigo ba,
daren nawa ne ya tuna da ruwa.

An ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama.
Nawa rabon can aka ajiye shi,
aka ba ni tsani na minti arba'in da ɗaya.
Na kwashe hotuna tara a aljihu,
na rubuta a littafin ɗaki: an rufe, laima.
Sama da layina, wasu hannuwa sun rubuta irinsa,
iska, gajimare, waya ta yanke,
wani ma zagi kawai ya bari.

A bakin ƙofa ruwa bai fasa ba.
Kogin Calle-Calle yana ta haɗiya.
Tsohon ya ɗaga tocilarsa ya nuna wani wuri a gajimare,
can sama da rufin ɗakin karatu.
Ya ce, Gicciyen Kudu yana nan yanzu, ya ɗan kishingiɗa.
Ubana masunci ne a Corral,
ko a rufe sama take, ya san inda kowa ke kwana.

Na duba agogo, na yi lissafi a zuci.
Bai kauce ba ko da faɗin tafin hannu.

Ya kashe tocila.
Muka tsaya muna kallon wurin,
ruwa yana shiga mana ido.