Kalma Ɗaya Kafin Ƙarfe Shida

Hawa na uku, Washington, ruwa na dukan taga.
Sallau ya dire takarda a teburina:
"Fassara, Ladidi, saura minti arba'in labarai."
Sanarwa ce daga ma'aikatar harkokin waje,
layi tara.
A layi na huɗu an raɗa wa wata ƙasa suna,
ba rago, ba goro, ba wanzami.

Na zura hannu cikin Hausa ina lalube.
Kangararriya? Wannan akuya ce da ta tsinke turke,
to wa ya kafa turken?
Fanɗararriya? Sai an san wanda ya haife ta,
wanda ya ce zauna ta ƙi.
'Yar fashi? A wace hanya, kayan wa?

Shekara goma sha ɗaya baya,
a kujerar nan, da bakin nan,
na kira ta aminiya.
Lokacin fentin jiragen da aka sayar mata bai bushe ba.
Takardar na nan cikin durowa
da zoben shayi a gefenta.

Doka kuwa na gan ta da idona,
littafi ne mai shuɗin bango,
da shi muke tokare ƙofar ɗakin shan iska.
A ciki an ce ƙasa da ƙasa kunnen doki ne,
babu mai haura katangar wani.
Amma na kalli zaman majalisa a talabijin:
hannu goma sha huɗu a sama,
sai guda ya ɗagu a natse, kamar mai kiran tasi,
goma sha huɗun suka koma aljihu.

A kasuwar Gumel in mai awo ya danne mudu da yatsa
akwai sarkin kasuwa.
A nan mai awon shi ne sarkin kasuwa,
shi ya ƙera mudun,
shi kuma ke fara ihun ɓarawo.

Can ƙasa a bakin titi akwai Marwan mai kofi.
Daga layi na huɗu ya fito.
Sau uku ya tura kuɗin allurar suga,
sau uku banki ya dawo da su:
na'ura ta ga sunan garin tsohuwarsa, ta tsuke baki.
Ranar nan yana zuba min madara ya ce,
"Kada ki zaci ina kare su.
Ƙanena Basil shekara shida yana hannunsu,
ko takalminsa ba su maido ba.
Amma ki tambaya min,
mai gidan gwamnatin ya taɓa kwana babu allura?"
Ban tambaya ba.
Ni aikina in ɗauko magana daga wannan tulu
in juye a wancan, kada ta zube.

Saura minti bakwai.
Na rubuta: ƙasar da Amurka ta kira kangararriya.
Sallau ya leƙo ta kafaɗata.
"Ya yi tsawo. Daƙiƙa biyu kin ƙara."
Na ce a cire su daga hasashen yanayi,
kowa ya san ana ruwa.
Ya daɗe yana murza biro,
'yarsa na jami'a, takardun zamansa ba su nuna ba.
Ya ce, "Yau kaɗai."

Jar fitila ta kama.
Na ga wani dattijo a Maraɗi yana juya eriya,
na ga direba a Funtuwa ya rage sauti zai karɓi canji,
wataƙila daidai nan daƙiƙa biyuna suka wuce shi.

Da na sauko ruwa ya tsagaita.
Marwan na naɗe laimarsa.
"Yau me kika kira mu?"
Na ce, "Na faɗi wanda ya kira ku."
Ya ɗaga kafaɗa, ya miƙo kofi, ya huce.
Dala uku.