Ganyen Wilo a Tregaron

Bana sama ta yi wa Wales rowa.
Wata biyu ba ta ce uffan ba,
tuddan Tregaron sun koma launin bayan raƙumi,
ciyawa tana karyewa a ƙarƙashin takalmi kamar ƙayar kifi.

Eirlys mai gonar, shekara saba'in da ɗaya,
ta tsaya bakin garke da takardar kuɗin abinci:
buhu ya ƙara fam huɗu,
ga 'yan tumaki tamanin da aka yaye
suna kuka kamar masu bin bashi.

Ni kuwa idona yana rafi,
inda wilo ya jeru, kore shar, ƙafarsa a laka.
Na ce, "Ga kiwo can a tsaye."
Ta ce, "Tanimu, tunkiya ba raƙumin dawa ba ce."

Ban ja da ita ba, tsani na ɗauko da adda.
Hannu ya tuna abin da kai ya manta:
kawu Jatau bisa gawo a tsakiyar rani,
yana sare reshe, yana barin na baɗi,
tumaki a ƙasa sun ɗaga kai kamar masu jiran huɗuba.

Kwana biyar muka shanya shi a rumfar tarakta,
muka murmushe,
mudu ɗaya na ganye, uku na dusa da sha'ir.
Ranar farko suka sansana, suka ba shi baya,
baurin ya yi musu yawa.
Sai wata 'yar ficiciya, lamba talatin da bakwai a kunne,
wadda uwa ta ƙi tun ranar haihuwa,
ta sa baki.
Maraya ba ya zaɓen tuwo.
Kafin la'asar kwami ya yi fes, har da lasa.

Duk Juma'a sai sikeli.
Eirlys tana lasar bakin fensir, tana rubutawa,
ba ta yabo, ba ta kushe.
Wasu sun ƙara kilo guda, wasu rabi,
biyu sun tsaya cik,
amma zawo ya ragu, gindin wutsiya ya bushe,
ulu ya soma sheƙi.

Mako na shida ta ce in biyo ta.
Bayan tsohon barga, wasu itatuwa bakwai,
kawunansu a dunƙule kamar hannun ɗan dambe.
Ta dafa ɗaya, ta daɗe shiru.
"Kullum ina wuce su," ta ce,
"ban taɓa tambayar wa ya yi musu aski ba.
Kakana yana da adda irin taka,
tana rataye a ɗakin girki, mun ɗauka ado ce."

Daren nan aka yi ruwa.
Da safe na iske tsanin ba ya inda na bar shi.